FASFO A ALJIHU KO A ƊAKIN OTAL? Abin da doka ke nema daga baƙo a ƙasar waje

 Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu son karatu a tsanake.

Yau tambaya ce muka ɗauko daga cikin saƙonninku. Wani ɗan'uwa ne da ke shirin tafiyarsa ta farko zuwa ƙasar Sin saro kaya. Ya ce yayansa ya ja masa kunne cewa da ya sauka ya kulle fasfonsa a ɗakin otal kada a sace, abokinsa kuma ya ce kada ya kuskura ya taka titi babu fasfo a jikinsa. Ya rasa na wa zai bi.

To ɗan'uwa, a ƙasar Sin dai abokinka ne ke da gaskiya. Amma da Landan za ka, da shawarar yayanka ba ta saɓa wa kowace doka ba. Abin da za mu warware ke nan yau: babu doka guda ɗaya da ta game duniya a kan wannan. Kowace ƙasa da tata, kuma dokar ƙasar da ƙafarka take ita ke aiki a kanka.

Me ya sa fasfo, ba wani kati ba?

Da yawanmu mun ɗauka aikin fasfo a filin jirgi yake ƙarewa. An buga maka hatimi, ka wuce, shi ke nan sai ranar dawowa. Ba haka abin yake ba.

Idan jami'in tsaro ya tare ka a ƙasar waje, abu biyu yake son sani. Na farko, wane ne kai? Na biyu, kana da izinin kasancewa a nan yau ɗin nan? Katin ɗan ƙasa na gida, katin zaɓe, ko lasin tuƙi, in sun yi ƙoƙari su amsa tambayar farko, shi ma in jami'in ya san su. Tambaya ta biyu kuwa sai fasfo, domin a cikinsa biza take, a cikinsa hatimin ranar shigowarka yake. Wanda ya daɗe a ƙasar, kamar ɗalibi ko ma'aikaci, katin izinin zamansa ne ke amsa ta.

Daga nan za mu iya kasa ƙasashe gida uku.

Kashi na farko: dole ya kasance a jikinka

Mu fara da Sin, tunda can mai tambayarmu ya nufa, kuma 'yan kasuwarmu ba sa rabo da Guangzhou da Yiwu. Dokar shige da fice ta Sin da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2013 ta ce duk baƙon da ya kai shekara 16 dole ya riƙa yawo da fasfonsa ko takardar izinin zamansa, kuma ya nuna idan 'yan sanda suka nema. Ko tikitin jirgin ƙasa ba za ka saya ba sai da fasfo.

Akwai kuma wani sharaɗi a dokar da ke kama mutanenmu. Dole a yi rajistar inda ka sauka cikin awa 24. In otal ne, su za su yi maka, shi ya sa suke karɓar fasfonka su ɗauki hotonsa. In kuwa a gidan wani ɗan'uwa ka sauka don rage kashe kuɗi, to kai ko mai masaukinka za ku je ofishin 'yan sandan unguwar ku yi rajista. Rashin yin hakan na iya jawo tarar da ta kai yuwan 2,000. Wanda ya zarce kwanakin bizarsa kuma, tarar yuwan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15.

Japan ma haka. Baƙon da ya zo ziyara dole fasfonsa ya kasance tare da shi, kuma tarar rashin hakan tana iya kai wa yen 100,000. 'Yan sandan can za su tare ka da ladabi, har da ɗan rusunawa, amma ladabin ba ya rage komai daga dokar.

Mu leƙa Turai. A Italiya, dokar baƙi ta 1998 da aka yi wa gyara daga baya ta ce baƙon da jami'i ya nemi ya nuna fasfo da izinin zama, ya kasa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai yuro 2,000. Ku lura, wannan ba maganar wanda ya shiga ta ɓarauniyar hanya ba ce. Mai biza lafiyayya ma ta shafe shi.

A Holan, tun 1 ga Janairun 2005, duk wanda ya kai shekara 14, ɗan ƙasa ko baƙo, dole ya iya nuna shaida ta asali idan ɗan sanda ya nema a bakin aikinsa. Fotokofi ba ya shiga.

A Faransa, baƙo dole ya iya gabatar da takardun da suka ba shi izinin zama. In ka kasa tabbatar da ko kai wane ne, ana iya tafiya da kai caji ofis har tsawon awa 4. In kuma binciken izinin zama ne, riƙon na iya kai awa 24. Ka ƙaddara jirginka ƙarfe tara na dare zai tashi, an tare ka da la'asar ka fita sayen tsaraba, fasfo yana otal. Ba ka yi laifin komai ba, amma jirgi ba ya jiran kowa.

Kashi na biyu: dole ka mallake shi, ka kuma nuna in an nema

Jamus ce babban misali. Doka ta wajabta wa baƙo ya mallaki fasfo mai aiki, ya kuma gabatar da shi ga hukuma idan an buƙata, amma ba ta ce lallai ya kasance a aljihunsa duk inda ya sa ƙafa ba. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. In aka tare ka babu komai a hannunka, 'yan sanda na iya raka ka masaukinka ko su tafi da kai ofis har sai sun tabbatar da kai. Ba a ci ka tara ba, amma yininka ya tafi.

Sannan akwai wuraren da sassaucin ba ya aiki. Masu aiki a wurin gini, gidajen abinci da otal-otal, da jigilar kaya, doka ta tilasta musu riƙe shaidarsu a wurin aiki, saboda jami'an kwastan na kai samame don kama aikin ɓoye. Haka kuma duk mai tsallaka iyaka.

A nan ne ma da yawa ke tuntuɓe. Yankin Shengen ƙasashe 29 ne da biza ɗaya ke shigar da kai, har ka hau bas daga Faris zuwa Balin ba ka ga shinge ba. Sai mutum ya ɗauka tafiyar kamar Kano zuwa Kaduna ce. A'a, iyaka ce ka tsallaka, kuma dole fasfonka ya kasance tare da kai. Tun watan Satumban 2024 ma Jamus ta dawo da bincike a duk iyakokinta na ƙasa, ana hawa bas da jirgin ƙasa ana duba takardu.

Kashi na uku: babu tilas

Birtaniya ce a nan. Babu dokar da ta ce mutum, ɗan ƙasa ko baƙo, ya riƙa yawo da shaida a titi. An taɓa ƙaddamar da katin ɗan ƙasa, aka soke shirin da wata doka a 2010. Ko direba aka tare babu lasin a jikinsa, ana ba shi kwana 7 ya kai caji ofis. Amma wajen neman aiki, buɗe asusun banki, ko kama haya a Ingila, sai ka tabbatar da izinin zamanka. Yanzu kuma izinin ya koma na intanet, katin roba da ɗalibai suka saba riƙewa wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen 2024. Ke nan a can, kalmar sirrin asusunka na biza ita ce abin da za ka tsare kamar fasfo.

Amurka fa?

Mutane na jin cewa Ba'amurke ba dole ne ya yi yawo da kati ba, sai su ɗauka baƙo ma haka. Dokar shige da fice ta 1952 ta ce duk baƙon da ya kai shekara 18 dole ya riƙe shaidar rajistarsa a kowane lokaci. Rashin hakan ƙaramin laifi ne mai tara, ko ɗaurin da ya kai kwana 30. Ga mai izinin zama na dindindin, katin nan ne da ake kira girin kad. Ga mai ziyara ko ɗalibi, takardar I-94 ce. Tun 2013 ba a ba masu shigowa ta jirgin sama ita a hannu, sai dai ka shiga shafin hukumar iyakokinsu ka fitar da abarka. A 2025 gwamnatin Amurka ta sake jaddada cewa za ta riƙa aiki da wannan tsohuwar doka.

Ga wani abu da ya kamata kowa ya sani: ranar da ke kan I-94 ita ce ranar da izinin zamanka zai ƙare, ba ranar da ke kan biza ba. Bizarka na iya zama ta shekaru, amma kwanakin da aka ba ka a wannan shigowar 'yan watanni ne.

Saudiyya

Wannan ta shafe mu kai tsaye. Mazaunin Saudiyya igamarsa ce shaidarsa, kowa ya san wannan. A aikin Hajji kuwa an daɗe da tsarin da masu kula da alhazai ke karɓar fasfo su ajiye har lokacin komawa, don haka alhaji da wata shaidar yake yawo. Daga Hajjin 2024, katin Nusuk ne wannan shaidar. Da shi ake shiga Mina, Arfa da Muzdalifa, da shi jami'i ke bambance alhajin da ya zo ta hanya da wanda ya kutso. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama yana Hajji babu izini, ga kora, ga haramcin shiga ƙasar na shekara 10.

Matasa, ga aikinku. In Baba ko Hajiya za su sauke farali, ku zaunar da su ku nuna musu cewa katin nan a wuya ake rataya shi, ba a ƙasan jaka ake adana shi ba. Dattijuwar da ta ɓata a cikin cunkoso, ba ta jin Larabci, katin nan ne zai faɗi sunanta da masaukinta.

Maƙwabta: Nijar, Gana, Kamaru, Chadi

Wani zai ce, ni ai Maraɗi kawai za ni, gidan kawuna. Gaskiya ne, dangi ɗaya ne, harshe ɗaya. Amma da ka wuce Jibiya, ko ka tsallaka daga Illela zuwa Ƙonni, a idon doka kai baƙo ne.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna babu biza har kwana 90. Biza aka ɗauke, ba a ɗauke takarda ba. Yarjejeniyar da kanta ta ce sai da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, wato katin allurar cutar shawara. Rashin waɗannan ne ke sa kowane shinge ya zama wurin ciniki, ana sauke ka daga mota ana jayayya. Mai cikakkun takardu ma yakan sha tambayoyi, amma shi yana da bakin magana.

Ku tuna kuma Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katunan 'yan ƙasashen uku da barin su zirga-zirga har sai an fitar da sabon tsari. Irin wannan yanayi na iya sauyawa, don haka a tambaya kafin a hau mota. Kamaru da Chadi kuwa dama ba 'yan ECOWAS ba ne, tsarinsu daban.

Hoton fasfo a waya ya wadatar?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa. A inda doka ta ce fasfo, to fasfo take nufi, na asali. Hoto a waya ko fotokofi ba ya maye gurbinsa, domin kowa na iya gyara hoto, kuma jami'i ba zai iya duba alamomin tsaron da ke jikin takardar ba. Wani ɗan sandan zai iya kallon hoton ya ce wuce. Wannan kirkinsa ne, ba haƙƙinka ba ne, na gaba da shi yana iya ƙi.

Duk da haka ka yi kwafin. Amfaninsa na gaske yana zuwa ne ranar da fasfon ya ɓata. Ka ɗauki hoton shafin bayananka, shafin biza, da hatimin shiga. Ka tura wa kanka ta imel, ka tura wa wani amintacce a gida, ka kuma buga a takarda ka ajiye a jakar da ba fasfon a ciki. Waya tana mutuwa, kuma sau da yawa ɓarawon da ya ɗauki fasfo shi ke haɗawa da wayar.

To tsoron sata fa?

Yayan mai tambayarmu bai yi ƙarya ba, ana sace fasfo. Maganin shi ne yadda za ka ɗauke shi. Kada ka sa a aljihun baya, kada ka sa a jakar goyo da ke bayanka cikin jirgin ƙasa. Akwai 'yar jakar da ake ratayawa a wuya ta shige cikin riga, ko wadda ake ɗaurawa a ƙugu, irin lalitar da kakanninmu ke tafiya fatauci da ita. Kada ka haɗa shi wuri ɗaya da kuɗin cefane, don kada duk sayen ruwa sai ka fito da shi. 'Yan'uwa mata, ba a cikin jakar hannun da ake ajiyewa kan kujera a wurin cin abinci ba.

Sai maganar ba wani ya riƙe maka. Otal na da damar duba fasfonka su yi rajista, amma ka karɓi abinka. Kada ka ba da shi jingina wajen hayar mota ko babur. Mafi muhimmanci, masu tafiya aikatau ƙasashen Larabawa: in ejan ko uban gida ya ce kawo fasfo in ajiye maka, ka san cewa dokokin Saudiyya da na Daular Larabawa sun hana mai aiki ƙwace fasfon ma'aikacinsa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta lissafa riƙe takardun mutum cikin alamomin aikin tilas. Fasfo mallakin gwamnatin da ta ba ka ne, amana ce a hannunka. Wanda ya riƙe shi ya riƙe hanyarka ta komawa gida.

In an tare ka

Ka natsu. Kada ka gudu, kada ka ɗaga murya, kada ka fara zancen ka san ko ni wane ne. In mutumin ba ya cikin kaki, ka nemi ya nuna maka katinsa cikin ladabi, domin a manyan biranen yawon buɗe ido akwai 'yan damfara masu shigar 'yan sanda, su ce kawo fasfo da walat a duba. In ranka bai kwanta ba, ka ce ku je caji ofis mafi kusa. Na gaske ba zai ƙi ba.

Kada ka miƙa na goro. Abin da wani ya saba yi a shingen hanya, a wata ƙasar shi zai mayar da ƙaramar magana ta zama shari'ar cin hanci. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimci abin da ke cikinta ba, ka nemi tafinta. In kuma abin ya kai ga tsarewa, Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan jakadu, a sashe na 36, ta ba ka damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka. Ka furta da bakinka cewa kana so a sanar da su. Ba za su iya soke dokar ƙasar ba, amma an san inda kake, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In ya ɓata

Ka fara zuwa wurin 'yan sanda ka karɓi takardar rahoto. Daga nan sai ofishin jakadancin ƙasarka da rahoton, da kwafin nan da ka ajiye, da hotunan fasfo. Ofisoshin jakadancin Najeriya na bayar da takardar tafiya ta gaggawa, wadda aikinta shi ne ta mayar da kai gida, ba ta ci gaba da yawo ba. A wasu ƙasashen, ciki har da Sin, sai ka sake bi ta hukumar shige da fice ta ƙasar kafin a bar ka ka fita, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya.

Abu na ƙarshe a nan: in ka riga ka ba da rahoton ɓata, daga baya ka tsinci fasfon a ƙasan akwati, kada ka yi tafiya da shi. Tun 2002 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ke da rumbun bayanan fasfunan da aka sace ko suka ɓata. Da lambarsa ta shiga can, kai mai shi ma ana iya tsare ka a filin jirgi.

Kafin ka sayi tikiti

Tambayoyi uku za ka nemo amsarsu, daga shafin ofishin jakadancin ƙasar da za ka ko hukumar shige da ficenta, ba daga guruf ɗin WhatsApp ba. Shin dole ne in riƙa yawo da fasfo na asali? Shin akwai rajistar masauki, kuma wa zai yi ta? Wace rana ce izinin zamana zai ƙare? Ka kuma duba wa'adin fasfon kansa, domin ƙasashe irin su Saudiyya da Sin na neman ya rage aƙalla wata 6. Matambayi ba ya ɓata.

Kai kuma ɗan'uwa mai tafiya Guangzhou, ka sayi 'yar jakar wuya, ka bar kwafi a otal, ka sa fasfo a cikin riga. In a gidan aboki ka sauka, washegari kafin kasuwa ku fara biyawa ta ofishin 'yan sanda. Allah ya kai ka lafiya, ya ba da kasuwa.

Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan bincike a wata ƙasa, ya ba mu labari a ƙasan wannan rubutu, wani zai ƙaru. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin tafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kasance lafiya.